Kwana Goma a Ɗakin Busasshen Ganye

Litinin, 4 ga Nuwamba

Shekarata guda ina bin titin Oxford safe da yamma, ina wuce gidan tarihin Jami'ar Mancesta, ban taɓa ɗaga kai na tambayi abin da ke cikin soron can sama ba. Yau na hau. Malamin da ke duba aikina ne ya turo ni. Ya ce wanda zai rubuta kundi a kan itatuwan magani bai kamata ya san su a cikin kwalba kawai ba, in je in yi kwana goma ina taya masu kula da busassun tsirrai aiki.

A ƙasa yaran makaranta sun cika wuri, suna ta sowa a gaban ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe. Mu kuwa muka bi wata ƙofa da ba ta baƙi ba, muka yi ta hawa matakala har na fara haki. Ginin tsoho ne, zanen Alfred Waterhouse, wanda ya zana babban gidan tarihin halittu na Landan. Da aka buɗe ƙofar ƙarshe, ƙanshin da ya tare ni irin na rumbun da aka zuba harawa aka rufe tun bara ne, gauraye da na tsohuwar takarda. Akwatunan kwali koraye a jere, sahu bayan sahu, daga ƙasa har rufi. Samfurin da ke wurin ya kai kimanin 750,000.

An haɗa ni da wani dattijo ɗan sa-kai, tsohon malamin sakandare. Kafin in taɓa komai ya kafa mini sharaɗi. Takardar da aka manna tsiro a kanta ba a juya ta kamar shafin littafi, da hannu biyu ake ɗaga ta a kwance, a ajiye gefe. Ba a ɗora gwiwar hannu a kai. In an gama a wanke hannu kafin a ci abinci, domin mutanen da sukan shafa wa samfuri guba mai zaiba don korar ƙwari, kuma gubar ba ta tafiya.

Ta farko da na ɗaga wata 'yar ciyawa ce, an tsinke ta tun kafin Turawa su ci Kano. Saiwarta na nan, har da ɗan ƙasa a maƙale.

Da dare na kira gida. Inna, kakata, ta karɓi wayar daga hannun ƙanena.

"Maigida, yau me aka koya maka?"

"Inna, ɗaki aka kai ni wanda babu komai cikinsa sai busasshen ganye, an manna a takarda."

"Na miya ko na magani?"

"Duka, har da wanda ba a ci ba a sha."

Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "To akwai hano?"

Na ce zan duba.

Talata, 5 ga Nuwamba

Aikina na yau kwafe bayanan da ke kan ɗan katin da ke kusurwar kowace takarda zuwa kwamfuta: sunan tsiro, wanda ya tsinko shi, inda ya same shi, rana da wata da shekara, da lambar da ya ba shi. Rubutun hannun mutanen da yana da wuyar karatu, wani kamar tafiyar tururuwa a kan toka. Sau goma sha ina kiran dattijon ya warware mini kalma.

Wajen azahar na ci karo da wata takarda mai kyakkyawan fure, babu kati ko ɗaya a jikinta. Na nuna masa ina yaba kyanta. Ya duba, ya ce wannan ba ta da abin da za ta gaya wa mai bincike. Na yi ta juya maganar. Ashe nauyin abin yana wajen katin ne. Ganye shi kaɗai harawa ne. In aka haɗa shi da wuri da rana da sunan wanda ya gani, ya zama shaida wadda za a iya kira bayan shekara ɗari ta tsaya ta yi magana.

Na tuna lokacin digirina na farko. Kowane ɗalibi da zai gwada sassaƙe ko ganye a kan ɓeraye sai ya kai reshe ɗakin tsirrai an tantance masa, an ba shi lamba ya sa a kundi. Ni a lokacin na ɗauki lambar kamar rasit ne da ake nunawa a wuce. Yau na gane amfaninta. Kalgo suna ɗaya ne a bakinmu, amma itace iri biyu ne a wajen masana. In na ce kalgo ya yi maganin kaza, wani a Yamai ya gwada bai ga haka ba, babu mai raba mu sai reshen nan da na ajiye.

Dabarar kanta tsohuwa ce. Wani likita ɗan Italiya, Luca Ghini, shi ake jingina wa fara ta wajen shekarun 1540, don ɗalibansa su ga tsiro ko da hunturu ya kashe lambu. A matse tsakanin takardu, a busar, a manna, a rubuta. Shekara kusan ɗari biyar ba a canza komai na kirki a ciki ba.

Da yamma na buɗe wani akwati na ga tsamiya. Ganyenta ƙanana sun yi launin shayi, da ɗan kwaɓe guda a gefe. Daga Indiya aka kawo ta. Masanin tsirrai Linnaeus ya sa mata suna Tamarindus indica a 1753, daga kalmar Larabci mai nufin dabinon Indiya, alhali masana suna ganin asalinta Afirka ce. Na daɗe ina kallonta. Bakina har ya kawo yawu, na tuna kunun azumi.

Yau daren wasan wuta ne a Ingila. Har sha biyu ana ta harba tartsatsi sama.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Sunaye uku ne ke ta dawowa a kan katunan, na tambayi dattijon su wane ne. Ya ja kujera ya zauna, alamar labarin yana masa daɗi.

Charles Bailey da Cosmo Melvill 'yan kasuwar Mancesta ne, dukansu a kamfanonin da ke fatauci da ƙasashen gabas suka yi aiki. Suka raba duniya tsakaninsu don kada su yi ta tara abu ɗaya: Bailey ya ɗauki tsirran Turai, Melvill ya ɗauki na sauran duniya. Yawancin abin da suka tara ba su suka tsinko da hannunsu ba, saye suka yi da musaya da masu yawon daji. Daga baya kowannensu ya ba jami'a nasa. Na ukun, Leo Grindon, wanda ya rasu a 1904, tsirran lambu da na gona ya bi. Takardunsa sun fi na kowa ban sha'awa, domin ban da tsiron yakan yanko hotuna da bayanai daga littattafai da mujallu ya manna a gefe, takarda ɗaya ta zama ƙaramin littafi.

A cikin na Grindon na nemi auduga, na kuma samu. Ƙwallon ya fashe, farin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, gurya na leƙowa.

Nan jikina ya yi sanyi, domin ni ɗan ƙasar Funtuwa ne. A wannan garin na Mancesta aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta BCGA a 1902, saboda masaƙun Lankasha sun gaji da dogaro da audugar Amurka, suna neman wata gonar. Idonsu ya faɗa kan ƙasar Hausa. Da fatan auduga aka ja dogo har Kano, ya isa a 1911, sai manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba suka bi ta. Amma a ƙasar Zazzau da kudancin Katsina audugar ta kama, aka kafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa. Kakana, mijin Inna, da jaki yake kai tasa fuloti, a duba, a auna, a ba shi abin da aka ga dama. Ban ce kuɗin audugarsa ne ya sayi waɗannan akwatunan ba, domin an tara su kafin lokacinsa. Amma arzikin da ya ba ɗan kasuwa sukunin zama yana jera furanni da yamma, da wanda ya aika ma'auni fulotin ƙauyenmu, tushensu ɗaya ne, zare da yadi. Na faɗa wa dattijon haka. Bai musa ba. Ya ce kakarsa ma tun tana yarinya take tsaye gaban injin saƙa, har ƙarar ta kashe mata kunne.

Muka ci gaba da aiki. Yanzu haka a gida ana tsinkar auduga, iskar hunturu ta fara kaɗawa. Nan kuwa ƙarfe huɗu da rabi magariba ta yi.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Wasu takardun a cikin bango mai jan baki ake ajiye su, kuma ba a barin sabon zuwa ya taɓa su shi kaɗai. Su ne samfuran da aka raɗa suna a kansu. Idan masani ya ga tsiron da ba a taɓa bayyanawa ba, dole ya nuna takarda guda ya ce, wannan suna na wannan ne. Ba lallai ta fi sauran kyau ba, ba lallai ta fi su kama da dangi ba. Ni dai a raina na kira ta turke. Suna dabba ce mai yawo, a nan aka ɗaure ta. Duk gardamar da ta tashi daga baya, ko wannan da wancan iri ɗaya ne ko biyu, turken ake komawa.

Na fahimci nauyin turke ne ta hanyar bagaruwa. Sunan Acacia, wanda duk ɗalibin aikin gona ya haddace, a jikin bagaruwarmu aka ɗaure shi tun asali, wadda majema ke jima da 'ya'yanta. Da bincike ya nuna itatuwan da ake kira da wannan suna ba zuriya ɗaya ba ne, dole a raba su, ƙa'ida ta ce sunan ya zauna wajen mai turke. Sai masanan Ostareliya suka ce su ke da kusan iri 1,000, canza musu suna zai fi wahala. A taron masana tsirrai na duniya a Biyana, 2005, aka tumɓuke turken aka kafa shi a jikin wani itacen Ostareliya, aka kuma tabbatar da haka a Melbon a 2011. Yau bagaruwa Vachellia nilotica ce, dakwara mai ba da ƙaro kuma Senegalia senegal. Gawo dama an riga an ware shi, yana ɗauke da sunan Faidherbe, gwamnan Faransa a Senegal.

Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. A irin wannan taro, nauyin murya yana bin yawan masana da girman ma'ajiyar tsirran da ƙasa ke da su. Wanda bai tara ba, ba ya cikin masu yanke hukunci a kan sunan itacen ƙofar gidansa.

Dattijon ya ƙara mini da labarin Balin. A daren 1 ga Maris 1943 bam ya faɗa wa ma'ajiyar tsirran birnin, mafi yawan abin da ke ciki ya ƙone, har da turakun tsirrai masu yawa na Kamaru da Togo da Jamusawa suka kwaso. Abin da ya ceci sunaye da dama shi ne al'adar masu tsinka ta yanko reshe uku ko huɗu daga itace ɗaya, su rarraba wa ma'ajiyu daban-daban. Don haka har yau ba a yankan ɗaya.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Rabin yini na yi. Kafin in tafi masallacin Victoria Park aka kai ni ɗakin da ke da kwalaben magungunan da ake koyar da ɗaliban likitanci da su a da. Saiwoyi, sassaƙe, 'ya'yan itace, ƙaro. In ka cire gilashin da rubutun Latin, shimfiɗar mai magani ce a kasuwar ƙauye.

Akwai ɓawon itacen kwinin. Maganin da ake cirowa daga cikinsa William Baikie ya riƙa ba mutanensa a 1854 da suka shigo Kwara da Binuwai, suka koma ba wanda zazzaɓi ya kashe, abin da ya buɗe wa masu zuwa bayansa hanya. Richard Spruce, wanda ya yi shekara 15 a Kudancin Amurka kuma ya tara irin itacen a Ekwado aka kai Indiya, tarin ƙananan tsirransa masu kama da gansakuka yana cikin ginin nan.

A wata kwalba na ga lubban. Ɗan'uwan hano ne na jini. Hannuna bai kai ga hanon kansa ba tukuna.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ba aiki. Ruwa tun asuba. Na zauna a ɗaki na buɗe kwamfuta ina neman amsar Inna, sai neman ya cinye mini yini.

Hano a littafin masana Boswellia dalzielii ne. John Hutchinson na lambun Kew ya sa masa sunan a 1910, don girmama John Dalziel, likita ɗan Sikotilan da ya zo aiki Arewa a 1905. Yana duba marasa lafiya, yana kuma tsinkar tsirrai a ƙasashen Katagum da Yola da Sakkwato yana aikawa Ingila. Ma'ajiyu da yawa sun ɗauki hoton takardunsu sun sa a intanet, don haka daga kan gadona na ga hano a matse a takarda. Na ƙara girman hoton har na ga tsagin bakin ganyen. Abin da hoton bai kawo ba shi ne ƙanshi, da ɓawon nan mai saɓulewa kamar takarda, wanda muke ɓarewa muna yara in mun hau dutse kiwo.

Dalziel ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Shi da Hutchinson suka rubuta babban littafin tsirran Afirka ta Yamma da ya fara fitowa a 1927, sannan a 1937 ya fitar da na amfanin tsirran, wanda har yau duk mai binciken maganin gargajiya a yankinmu sai ya bi ta kansa ko ta kan sabuntawar da wani masani, Burkill, ya yi masa. Na karanta ƙamus ɗin shafi bayan shafi. Sabara, marke, aduwa, magarya, tafasa, ƙuduji. Kamar ina jin muryar mutanen garinmu ta bayan katanga.

A nan ne abin ya tsaya mini a rai. Kowace kalma a littafin nan daga bakin wani ta fito. Wani maharbi ne ya tsaya ya nuna da sanda. Wata ungozoma ce ta ce wannan ake dafa wa mai jego. Wanzami, majemi, marini, Bafillacen da ya san abin da ke kumbura saniya. Su suka yi shekaru ɗaruruwa suna gwadawa a jikinsu da na 'ya'yansu. Itacen ya tafi da sunan likita, su kuma ba a san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Haka ɗorawa. Robert Brown ya sa wa danginta suna Parkia a 1826, don tunawa da Mungo Park, a cikin bayanin da ya rubuta kan tsirran tafiyar Denham da Clapperton da Oudney, tafiyar da Clapperton ya isa Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Oudney kuma ya rasu kusa da Katagum a 1824. Matan da suka gano yadda ake mai da kalwa daddawa sun riga Park da ƙarnoni.

Ba na cikin masu cewa a goge sunan Dalziel. Mutumin ya saurara, ya rubuta, kuma da bai rubuta ba da wasu sunayen sun bi masu su kabari. Abin da nake cewa, katin nan yana da fili. Wanda ya rubuta rana da wuri zai iya ƙara layi ɗaya: wane ne ya nuna mini, ga kuma abin da ya ce. Waɗancan ba su ga dalilin yi ba. Mu da muke jikokin masu nunawar ba mu da uzuri.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na tura wa ƙanena hoton ya nuna wa Inna. Ya ce ta riƙe wayar nesa da ido, ta ce, "Shi ne, amma an tsinke shi da ƙuruciya." Ta ce mutanen gabas ararraɓi suke ce masa. Daga nan ta ɓalle, shi kuma ya danna ɗaukar murya: yadda ake sassaƙarsa ta gefe ɗaya don kada ya mutu, abin da ake haɗa shi da shi, wanda ba a ba, yadda ake turara ɗaki da ƙaronsa. Minti goma sha ɗaya. Na saurara sau uku.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Na ba dattijon labarin Inna. Ya ce garin nan ma ya yi irinta. Masaƙa da masu gyaran takalma na Lankasha sukan taru ran Lahadi, kowa ya zo da abin da ya tsinko, a ɗaga a faɗi suna, wanda bai iya karatu ba ya haddace. Ɗaya daga cikinsu, Richard Buxton, mai ɗinkin takalma, sai da ya shekara 16 ya koyi karatu, amma a 1849 ya fitar da littafin tsirran kewayen Mancesta. Bambancinsa da Inna, shi an samu wanda ya buga.

Yau na ga yadda masu bincike ke cin moriyar wurin. A kusurwar takarda akan manna ɗan ambulan da ake zuba duk abin da ya karye. In wani ya nemi ɗan yanki don binciken ƙwayar halitta, kuma aka amince, daga nan ake ɗauka da hantsaki, abin da bai fi farce ba, a rubuta wa ya ɗauka da dalili. Wasu takardun suna da ƙananan katuna uku ko huɗu a jere, kowanne masani ne ya zo a zamaninsa ya ce sunan kaza ne, na bayansa ya ce a'a. Ba wanda ke goge na wani. Sai ya tuna mini da littattafan zauren malaminmu, inda kowane almajirin da ya gaji littafi yake ƙara nasa sharhi a gefe, na malaminsa na nan.

Abin mamaki shi ne, tambayoyin da ake yi wa takardun yau, masu tsinkar ba su taɓa mafarkinsu ba. Cutar da ta ruɓar da dankalin Turawa a Ayilan daga 1845, yunwa ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, wasu sun matse ganyen da ya kamu sun ajiye. A 2013 aka ciro ƙwayar halittar cutar daga waɗannan busassun ganyen, aka gane ainihin irin da ya yi ɓarnar. A 1987 Ian Woodward ya ƙirga ƙananan ƙofofin da ganye ke numfashi da su a tsoffin samfura, ya ga sun ragu da kimanin kashi 40 cikin ɗari a shekara 200, daidai da ƙaruwar iskar kabon a sama. Wani bincike na 2010 ya nuna cewa a cikin sababbin tsirran da ake bayyanawa, kashi 16 cikin ɗari ne kawai aka ba suna cikin shekara biyar da tsinko su. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun haura shekara 50 a akwati suna jiran mai ido.

Ni tunanina madobiya ya tafi. 'Yan katako suna ce mata madrid, an yi ta lodinta daga Taraba zuwa Sin har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa wa cinikinsu ido daga 2017. In za ka ce itace yana ƙarewa, sai ka nuna inda yake a da. Kowace takarda ɗigo ce a taswira. Inda ba a tsinka ba, taswirar fara ce, kuma itacen zai iya ƙarewa ba wanda zai iya rantsuwa cewa ya taɓa tsayawa a wurin.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na karya ganye. Ina mayar da takarda cikin bango, gefen rigata ya taɓa shi, ya ɓalle. Gabana ya faɗi. Na kai wa dattijon a tafin hannu. Ya miƙo mini hantsaki, ya nuna mini ambulan, ya ce abin da ba a so shi ne a ɓoye.

Sauran yinin a wajen firiza muka yi. Duk abin da zai shigo ɗakin sai an naɗe shi a leda ya kwana da kwanaki cikin sanyi mai tsanani, don ƙwaro da ƙwansa su mutu. Wani ɗan ƙwaro ne ja-ja, bai kai ƙwayar dawa ba, irin mai shiga busasshen abinci. In ya samu akwati, fure yake fara ci. Ana ajiye tarkuna masu danƙo a kusurwoyi, ana dubawa, ana rubutawa. Aikin ba ya ƙarewa, kuma in an yi shi daidai ba wanda zai ga an yi komai.

Na tuna wata makaranta da na taɓa ziyarta a gida. Aka buɗe mini kabad, takardun sun manne da juna saboda yoyon rufi, gara ta yi hanya ta tsakiya. Katunan na nan, da kyakkyawan rubutun wani malami da ya yi yawon dazukan da yau ba sa shiguwa, amma tsirran sun zama gari. Mai kula da ɗakin da kuɗin aljihunsa yake sayen maganin ƙwari. Har yau ina jin ciwon abin.

Ba mu kaɗai ba ne. A watan Fabrairun 2024 Jami'ar Duke ta Amurka ta ba da sanarwar za ta rabu da tata ma'ajiyar mai samfuri sama da 800,000, masana suka yi ta kuka. A duniya akwai ma'ajiyu fiye da 3,000, da samfuri kusan miliyan 400, kuma kowacce tana rayuwa ne muddin akwai mai hawa matakala ya duba tarko. Muna da namu. Ta hukumar binciken gandun daji a Ibadan tun 1942 take, ta haura samfuri 100,000. Akwai ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, akwai ta Bayero a Kano. Firiza da wuta mai tsayawa da rufi mai kyau suke bukata, da ɗalibai masu kawo sabo.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Ranar ƙarshe. Aka ba ni busasshen reshe da farar takarda mai kauri na manna da kaina. Na juya ganye ɗaya ya nuna bayansa, kamar yadda aka koya mini, don mai zuwa ya ga fuska biyu ba sai ya ɓamɓare ba. Na ɗaure kara da siraran tsumma masu gam, na sa ambulan, na bar kusurwar dama ta ƙasa don kati. Dattijon ya ɗaga ta da hannu biyu ya duba, ya sa ta cikin na shiga akwati. Da za mu rabu ya ce in gaida kakata.

Tun jiya na tsara wa ƙanena abin da zai yi. Dutsen da muke kiwo ba ya zuwuwa yanzu saboda 'yan bindiga, kuma na hana shi ko gwadawa. Amma akwai hano a shingen bayan gidan Inna, wanda kakana ya yanko ya kafa a matsayin dirka ya kama. Na ce ya yanki reshe uku masu tsawon kamu kafin ganyen ya gama zuba, ya shimfiɗa kowanne a cikin tsohuwar jarida, ya sa kwali sama da ƙasa, ya ɗora buhun masara, ya riƙa canza jaridar kullum har ya bushe. Ya haɗa da ɗan ɓawon. In rani ya yi itacen ya yi fure tsirara, ya sake yankowa. Ya rubuta rana, da sunan gari, da tsawon itacen, ya kuma rubuta cewa dasa shi aka yi, daga dutse kaza. Ɗaya Samaru, ɗaya Kano, ɗaya Ibadan.

Bayan isha'i ya kira.

"Yaya, na yanka, yana ƙarƙashin buhu. Na zo wajen wanda ya nuna, na rubuta sunan Inna, ta ce ban gama ba."

Na ji muryarta daga nesa, sannan ta matso.

"Maigida, ni ba ni na gano shi ba. Goggona ce ta nuna mini, ita kuma wajen kishiyar uwarta ta koya, wata mutuniyar gindin dutse. In za a rubuta, a rubuta su."

Ƙanena ya ce takardar ta cika. Na ce ya ɗauko wata ya ci gaba, za mu manna su tare. Na ji yana yago shafi daga littafinsa, Inna ta fara jero sunayen a hankali, tana tsayawa ya rubuta.